Kujerar Kansila A Kwamitin Kiyaye Haɗurra: Wa Zai Zauna Da Yawunmu?

Ina godiya ga Edita da ya ba ni wannan fili domin in ja hankalin 'yan uwana mazauna Legas da kewayenta kan wani al'amari da na lura ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, alhali kuwa yana taɓa tukunyar gidajenmu fiye da yawancin abubuwan da muke raba dare muna musu a kansu a majalisa. Al'amarin shi ne naɗa kansiloli a kwamitocin da ke lura da zirga-zirgar ababen hawa da kiyaye haɗurra, ko dai na cikin ƙaramar hukuma ɗaya, ko kuma irin na haɗin gwiwa wanda ƙananan hukumomi maƙwabtan juna suke tura wakilansu.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da rabon kwamiti tsakanin kansiloli? Ai wannan harkar 'yan siyasar gari ce, mu kuwa neman abinci ya kawo mu Kurmi. Wannan amsar ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami. Domin kuwa idan ka shiga gidajen mutanenmu a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ka tambayi magidanta da samari sana'arsu, za ka tarar abincin da yawansu a kan titi yake. Wannan direban tirela ne, wancan yaron mota, wancan ɗan acaɓa, wani mai Keke, wani ɗan baro, wani mai tura kurar ruwa, wani kuma dillalin tumatir ne da ba zai ga ko kwabo ba sai motar Kano ta shigo kasuwa kafin kayan su ruɓe. Hatta mai shayi da mai tsire, teburinsu a bakin titi yake. Saboda haka duk wanda ya zauna ya yanke inda mota za ta tsaya, da lokacin da za ta sauke kaya, da titin da babur zai bi, to ya yanke abin da za a ɗora a murhun gidajenmu ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. A watan Agustan 2012 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar hanya ta Jihar Legas, wadda ta hana acaɓa bin tituna 475. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa da Keke a ƙananan hukumomi 6 da yankunan raya ƙasa 9, haɗe da manyan hanyoyi 10 da gadoji 40. Daga 1 ga Yunin 2022 aka sake ɗaure igiyar a kan acaɓa a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland. Wata uku bayan haka, wato 1 ga Satumba, aka ƙara da Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Wanda ya san gari ya san Kosofe ita ce ta ƙunshi Ketu da Mile 12, Mushin kuma ita ce ta ƙunshi Idi-Araba. Dukanmu mun ga yadda aka tara dubban baburan da aka kama aka murƙushe su da injin, kuma mun san a cikinsu akwai waɗanda masu su ba su gama biyan kuɗinsu ba.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, me muka yi? Sai an gama sanarwa a rediyo sannan hankalinmu ya tashi, a kira taron gaggawa, dattawa su sa manyan riguna su tafi roƙo. A karɓe su cikin mutunci, a ɗauki hoto, a ce za a duba. Wannan shi Hausawa ke kira ihu bayan hari.

Kada kuma wani ya ce mini ƙabilanci ne tsagwaronsa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista. Kano ta hana a Janairun 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Waɗansu daga cikin samarin da suka cika titunan Ikko da babura, irin waɗannan dokokin na gida ne suka koro su, waɗansu kuma rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga. Bambancin kawai shi ne, ɗan acaɓan Kano kansilansa maƙwabcinsa ne, tare suke sallar asuba, yana iya tare shi a ƙofar masallaci ya faɗa masa damuwarsa. Ɗan acaɓan Ketu kuwa ko sunan kansilan mazaɓar da yake kwana a ciki bai sani ba.

Na taɓa halartar wani taro a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, wanda aka gayyace mu da sunan masu ruwa da tsaki kan cunkoson motoci a bakin wata kasuwa. Muka je tun da hantsi, ba a fara ba sai bayan azahar. Aka yi jawabai da Yarabanci da Turanci, aka raba mana lemo, sannan aka karanto cewa daga mako mai zuwa babu sauke kaya a bakin titi sai tsakanin dare zuwa asuba. Wani saurayi daga cikinmu, wanda ya ɗan taɓa boko, ya miƙe ya tambaya, motar da ta kwana biyu a hanya da ɗanyen kaya idan ta iso da rana ina za ta jira? Aka ba shi amsa cewa kwamiti ya riga ya zauna a kan wannan tun makonni biyu da suka wuce. Da na bincika, kansilan da aka naɗa a kwamitin daga wata mazaɓa ya fito ta gidajen ma'aikata, inda babu kasuwa, babu tasha, kuma damuwar mutanensa ita ce su isa ofis da wuri. Ban ga laifinsa ba. Mutanen da suka zaɓe shi ya yi wa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu ɗakin ba a tambayi kowa a kansa ba saboda babu mai shi a wurin.

To me kansila yake iyawa, kuma me ba ya iyawa? Ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a nan domin kada a yi ta ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Kansila ba zai soke dokar da Majalisar Dokokin Jiha ta yi ba. Hukumar LASTMA, wadda aka kafa a 2000 zamanin Gwamna Bola Tinubu, ta jiha ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda muke kira Rod Sefti, ta tarayya ce, an kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Babu ɗaya daga cikinsu da take karɓar umarni daga kansila. Amma fa Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da ba da lasisin kekuna da baro da amalanke da kwale-kwale, da gina titunan cikin unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa. Ku sake karanta wannan jerin a hankali, ku gaya mini wanne ne babu ɗanmu a ciki. Majalisar kansiloli ce take yin ƙananan dokokin da ke tafiyar da waɗannan abubuwa, ita ce kuma take amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Bugu da ƙari, idan hukumomin jiha da na tarayya suka zauna da ƙananan hukumomi kan wata mahaɗa da ke cin rayuka ko wata tasha da za a tayar, wanda yake kan wannan kujera shi ake tambaya halin da unguwa take ciki. Abin da ya faɗa shi ke shiga rahoto, abin da ya yi shiru a kai kuwa kamar babu shi ne.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma gwamnoni su daina ɗora kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu, ya ƙara wa kujerar kansila nauyi, duk da jan ƙafar da aka yi wajen aiwatar da shi.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan a riƙa haɗa kansilolin ƙananan hukumomi da dama a zama ɗaya kan sha'anin hanya shi ne, titi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ɗauki babbar hanyar Legas zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, mai tsawon kimanin kilomita 127. Motar shanu ko ta albasa da ta fito daga Arewa za ta ratsa Jihar Oyo, ta faɗa Jihar Ogun, ta wuce Ogere inda tireloli ke yada zango, ta wuce Kara, sannan ta shigo Legas ta Berger. Jihohi uku, kowace da hukumar hanyarta: OYRTMA a Oyo, TRACE a Ogun, LASTMA a Legas, ga 'yan Rod Sefti, ga 'yan sanda, ga kuma masu yankan tikiti iri-iri da suka san motar ɗanyen kaya ba ta iya jira. Idan wannan ƙaramar hukuma ta kori tireloli daga bakin titinta ba tare da ta yi magana da maƙwabciyarta ba, ba ɓacewa motocin za su yi ba, gaba kaɗan za su matsa su jeru a wata kwana mai duhu, wata motar fasinja ta zo da dare ta shige ƙarƙashinsu. Gwamnatin Tarayya ma ta gane haka, shi ya sa a 2017 ta ƙaddamar da majalisar ba da shawara kan kiyaye haɗurra ta ƙasa a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa, da gwamna ɗaya daga kowace shiyya, har da shugaban ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ALGON. To amma daga Abuja ba a ganin kwanar da ke bayan kasuwarmu. Sai an sauko ƙasa, kuma a ƙasa kansila ne.

Akwai wani abin da ya fi asarar babur ko ruɓewar tumatir, wanda duk mai iyali a Kudu ya san shi ko da ba ya son ambatonsa. Rikicin Mile 12 na Maris 2016, wanda aka rasa rayuka aka ƙone gidaje har Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar, rahotanni sun nuna ya faro ne daga taƙaddama kan wani ɗan acaɓa da ya bi hannun da ba nasa ba. Na kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ya faro ne daga cacar baki tsakanin mai dakon kaya da wata mai shago kan kayan da suka zube a gaban shagonta. A nan ƙasar, karo tsakanin babur da mai tafiya a ƙasa ba ya tsayawa a kan mutum biyun da abin ya shafa. Kafin la'asar ya zama Hausawa da Yarabawa, wanda bai ji ba bai gani ba a ƙone masa rumfa, mata da yara su kwana a barikin 'yan sanda. Ke nan a wurinmu gyaran mahaɗa, da ware wurin sauke kaya, da sa fitila a lungu, ba maganar haɗarin mota ba ce kawai, maganar zaman lafiyar unguwa ce. Bayan Shasha dillalan abinci da shanu sun tsayar da kai kaya Kudu na wajen mako guda, kowa ya ji a jikinsa. An nuna ƙarfi, ban musa ba. Sai dai ƙarfin mako guda ne, kujerar kansila a Legas kuwa ta shekara huɗu ce.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata ƙungiyarmu ta nema a rubuce daga kowane ciyaman da kowane shugaban majalisar kansiloli a inda muke da yawa shi ne, duk lokacin da za a tura kansila irin wannan kwamiti, a tura na mazaɓar da kasuwa ko tasha ko mayanka take. Ban ce dole sai Bahaushe ba. Bayarabe ko Ibo da ya tashi a bakin kasuwa, ya san ƙarfe nawa motoci ke shigowa, ya san 'yan baro da sunayensu, ya fi mana amfani a kan ɗan uwanmu da aka ɗauko daga wata unguwa don a cika gurbi a rufe mana baki. Mu kuma nemi a ajiye wa direbobi da 'yan kasuwa kujerar sauraro, ko da ba su da ƙuri'a, sannan kansilan ya riƙa dawowa gaban jama'a yana faɗin abin da aka yanke, da harshen da za su fahimta, kafin a fara kame ba bayan an fara ba. Wani abin da nake so a sa wa ido sosai shi ne kada a naɗa mutumin da yake da kaso a kuɗin tikitin tasha. Irin wannan ba zai so a kawo ƙarshen karya doka ba, domin daga nan yake ci. Da zarar kwamitin kiyaye haɗurra ya koma kwamitin tara kuɗin shiga, to an gama, sai dai a ƙara yawan masu sanda a kan titi.

Muna da hujjar neman haka ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Sashe na 14(4) kuma ya ce a tsara gwamnatin jiha da majalisar ƙaramar hukuma da hukumominsu ta yadda za a yi la'akari da bambancin mutanen da ke zaune a yankin. Lauyoyi za su gaya maka wannan na ƙarshe yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya tilasta shi a kotu, kuma gaskiyarsu. Amma abin da kotu ba ta tilastawa, ƙuri'a tana tilastawa.

A nan ne fa gizo ke saƙar, kuma a nan laifin namu ne. A zaɓen ƙananan hukumomin Legas na 12 ga Yulin 2025 an cike kujerun ciyaman 57 da na kansila 376. Mu nawa ne muka fita? Mutum ya shekara ashirin a Agege, 'ya'yansa a nan aka haife su, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa, amma katin zaɓensa na ƙauyensu ne. Lokacin zaɓen shugaban ƙasa ya hau tirela ya tafi gida, zaɓen kansilan da zai yanke hukunci kan rumfarsa kuwa bai ma san an yi ba. Alhali hukumar zaɓe ta INEC tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune, kuma da wannan rajistar ake zaɓen ƙananan hukumomi. Sannan tun da jam'iyya ɗaya ce ta lashe dukkan kujerun ciyaman da kusan dukkan na kansila a wancan zaɓe, mai hankali ya san ainihin kokawar a taron jam'iyya na mazaɓa ake yin ta, wurin fitar da ɗan takara. Can ɗin ma ba a ganin mu, sai dai idan ana neman a cika fili ranar gangami.

Ba kuma sabon abu ba ne ɗan Arewa ya ci zaɓe a Kudu. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'ar mutanen garin ya hau. Bai samu wannan da zaman jiran a kira shi fadar wani ba, cikin jam'iyyar NCNC ya shiga aka dama da shi. Ina girmama sarakunan Hausawanmu, sun kashe wutar fitina da yawa da ba a sani ba, Allah Ya saka masu. Amma sarkin Hausawa ba shi da ƙuri'a a zauren kansiloli. Shi roƙo yake yi, kansila kuwa ɗaga hannu yake yi a ƙirga.

Idan kuma za mu nemi kujera, dole mu je da hannu mai tsabta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron da ya sauka daga tirela jiya, bai san gari ba, bai san alamar hanya ko ɗaya ba, yau a ba shi babur a ce ya kawo balas da yamma, wa ya cuce shi in ba mu ba? Masu bin wanwe, masu ɗaukar mutum uku babu hular kwano, masu ajiye tirela a kan kwana babu ko ganye a baya, ba baƙi ba ne, mun san iyayen gidansu, tare muke cin tuwo. Duk kansilan da zai tsaya mana a gaban kwamiti, da waɗannan za a fara jifansa. Ya kamata kowace tasha tamu ta kasance da rajistar masu aiki a cikinta, kuma mu fara hukunta namu kafin wani ya hukunta mana su. Hukumar Rod Sefti tana da tsarin jami'an sa-kai, wato mutanen gari masu sana'arsu da lasisinsu da suke taimakawa a kan hanya ba tare da albashi ba. Muna da alhazai masu motoci goma, muna da 'ya'yan da suka gama jami'a a nan Legas. Me zai hana mu tura waɗansu su shiga?

Ina roƙon shugabannin rassa, a taron wata mai zuwa kowane magidanci ya zo da katin zaɓensa da na iyalinsa, a rubuta mutum nawa ne nasu na nan ne, mutum nawa ne na gida. A kuma wakilta mutum biyu daga kowane reshe su je sakatariya su samo sunan kansilan mazaɓarsu, da sunan kansilan da ke riƙe da kwamitin ayyuka da sufuri, da ranakun da majalisar ke zama. Wanda ya samo ya miƙa wa sakataren ƙungiya domin a buga a fitowa ta gaba.